Hutun mako guda a Estoniya: wane wata, wace biza, ina alƙibla, me za a ci

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Ni da maiɗakina muna son mu yi hutun mako guda a Turai, amma ba Landan ko Faris ba. Wani ya ba mu shawarar Estoniya. Shin ta kai a kashe mata kuɗi? Wane lokaci ya fi dacewa, kuma yaya batun biza, salla da abinci?

Amsa: Malam, ta kai, amma watan da kuka zaɓa shi ne zai yanke hukunci. Estoniyar watan Agusta da ta watan Nuwamba kamar ƙasashe biyu ne dabam. Shawarata ita ce ku je tsakanin 20 ga Agusta da tsakiyar Satumba, ku yi kwana shida ko bakwai, ku ware yini guda ku tsallaka Helsinki ta ruwa. Dalilin wannan zaɓi yana da alaƙa da salla fiye da yadda yake da alaƙa da sanyi.

Ƙasar tana bakin Tekun Baltik. Finlan na arewa da ita a ƙetaren ruwa, Rasha na gabas, Latbiya na kudu. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 45,000, wato kusan girman jihar Kaduna, amma mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasu suna Tallinn, babban birnin. Kusan rabin ƙasar daji ne, tana da tsibirai fiye da 2,000, kuma shimfiɗaɗɗiya ce, tudunta mafi tsayi ma bai wuce mita 318 ba. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004, yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, a ƙarshen 2007, ta koma amfani da yuro a 2011. Wanda yake neman hayaniyar manyan kantuna da dogayen benaye irin na Dubai ba zai same su a nan ba. Abin da take da shi tsohon gari ne mai ganuwa, da teku, da daji, da tsabta, da natsuwa.

Tallinn tana can sama ƙwarai, ta haura digiri 59 arewa, shi ya sa tsawon yini yake sauyawa yadda ba mu saba ba. A wajen 21 ga Yuni rana tana fitowa da misalin ƙarfe 4 na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen 10:40 na dare. A ƙarshen Disamba kuwa sai ƙarfe 9 ta wuce take fitowa, kafin 3:30 na yamma ta faɗi, hasken yini wajen awa shida ne kawai, shi ma galibi a lulluɓe da gajimare. Masu tallar yawon buɗe ido suna kambama watan Yuni saboda dare ba ya yin duhu, kuma lallai abin kallo ne. Sai dai ga mai salla akwai aiki a ciki. Daga ƙarshen Afrilu har zuwa wajen tsakiyar Agusta rana ba ta nutsewa ƙasa sosai, hasken bayan faɗuwarta ba ya gama ɓacewa kafin na alfijir ya taso. Alamar shigar Isha'i da ta fitowar alfijir ba sa bayyana yadda littattafan fiƙihu suka siffanta. Idan ka buɗe manhajojin lokutan salla guda biyu a waya, za ka ga sun saɓa da awa guda ko fiye, saboda kowace tana ƙiyasi ne da nata tsarin: wata ta raba dare gida bakwai, wata ta ɗauki lokacin wani wuri da ke kudu inda alamun ke bayyana. Malamai a Turai sun yi fatawoyi a kan wannan, har wasu sun halatta haɗa Magariba da Isha'i a waɗannan watanni. Idan tafiyar ta kama a wannan tsakani, abin da ya fi sauƙi shi ne ku bi jadawalin masallacin garin, kada ku yi ta sauya manhaja.

A farkon Satumba wannan matsala ta kau. Rana tana faɗuwa wajen 8:25 na dare, Isha'i na shiga wajen ƙarfe 11, alfijir wajen 3:30, rana ta fito bayan ƙarfe 6. Har yanzu yinin dogo ne, ya ishe ku yawo, da rana zafin yana tsakanin digiri 15 da 20, 'yan makarantar Turai sun koma karatu, kuɗin otal ya fara sauka. Yuli shi ne mafi ɗumi, digiri 21 zuwa 22 a tsaka-tsaki, kuma shi ne mafi tsada da cunkoso. Ku guji 23 da 24 ga Yuni idan birni kuke so, domin bikin tsakiyar bazararsu ne, mutane suna watsewa ƙauyuka su kunna wuta su kwana a waje, wurare da yawa a rufe. Nuwamba kada ma a fara: duhu, yayyafi da laka. Janairu da Fabrairu suna da nasu kyan idan dusar ƙanƙara ta rufe rufin gidaje, amma sanyi na iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili, kuma daɓen duwatsun tsohon gari yana daskarewa ya yi santsi. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba yana iya ƙare hutunsa da karaya a wuyan hannu.

Alƙibla ita ce kuskuren da Bahaushe ya fi yi. Mun saba fuskantar gabas, a can kuwa Makka tana kudu, da ɗan karkata zuwa gabas, wajen digiri 158 a kamfas. Kamfas ɗin waya yana rikicewa a ɗakin otal saboda ƙarafa da wayoyin lantarki, don haka a gwada shi a bakin taga ko a waje. Da Azahar, wajen ƙarfe 1:20 a agogon bazara, rana tana kudu sosai. Ka fuskance ta ka ɗan karkata hagu. Musulmin ƙasar 'yan dubbai ne, tushensu Tatar da suka zo tun zamanin daular Rasha, sai 'yan Azarbaijan da baƙin da suka zo daga baya, ciki har da ɗalibai 'yan Afirka. Cibiyar Musulunci ta Tallinn tana titin Keevise a unguwar Ülemiste, dab da filin jirgin sama. Ginin ofis ne aka mayar masallaci, babu hasumiya, ba a jin kiran salla a waje, saboda haka a nemi lokacin Juma'a tun ranar Alhamis. A mazhabar Malikiyya, idan kun yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu a gari guda, ƙasaru ta yanke, sai ku cika. Banɗakunan jama'a takarda ce kawai, ku riƙa yawo da ƙaramar gorar ruwa. Alamar ƙofa ma tana ruɗa baƙo: harafin M ko alwatika mai tsini ƙasa na maza ne, harafin N ko mai tsini sama na mata.

Biza ita ce mafi wuya a duk tafiyar. Estoniya ba ta da ofishin jakadanci a Abuja ko Yamai, wata ƙasar Shengen ce take karɓar takardu a madadinta, kuma wannan wakilci yana iya sauyawa. Kafin ku biya kowa ko kwabo, ku duba shafin ma'aikatar harkokin wajen Estoniya ku ga wace ƙasa ce ke wakiltarta a inda kuke zaune. Abin da za ku nema shi ne bizar gajeren zama, wadda ake kira nau'in C, mai ba da damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi idan an hana. Fasfo ya kasance bai shekara goma da bayarwa ba, yana da shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ku baro yankin. Inshorar lafiya ta tafiya dole ta kai yuro 30,000, ta shafi dukkan ƙasashen Shengen da dukkan kwanakin. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa kansa yakan ci makonni. Mai son tafiya a ƙarshen Agusta ya fara shiri a Afrilu.

A shekarun 2023 da 2024 an hana fiye da kashi 40 cikin 100 na masu neman bizar Shengen daga Najeriya, kuma dalilan kusan iri ɗaya ne kullum. Na farko shi ne asusun banki. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa yana iya juya miliyoyi a hannu, asusunsa na kansa kuwa shiru, sai ana saura mako biyu ya zuba kuɗi mai yawa lokaci guda. Jami'in biza yana ganin haka ya ɗauka aro ne. Abin da yake so ya gani shi ne shige da ficen wata uku zuwa shida da ya yi daidai da sana'ar da ka ambata, tare da takardar rajistar kasuwanci da shaidar biyan haraji. Na biyu shi ne ajiyar otal ta bogi da wasu ejan suke bugawa. Ana iya bincika ta, kuma ko an ba da biza, jami'in kan iyaka yana da ikon tambayar takardar otal da tikitin komawa ya mayar da mutum idan ba su inganta ba. Na uku shi ne rashin shaidar cewa za ka dawo: takardun gida ko shago, takardun haihuwar 'ya'yan da kuka bari, tambarin tafiye-tafiyen baya. Hajiya za ta cika nata fom ɗin dabam, ta je da kanta a ɗauki zanen yatsunta. Idan kai ne mai ɗaukar nauyinta, ka rubuta wasiƙar hakan ka haɗa da takardar shaidar aure. Yawancinmu an ɗaura aure a masallaci ko ƙofar gida babu takarda, to a samo ta tun da wuri, kuma a tabbata rubutun sunaye ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Hoto da hijabi ya halatta muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa.

Akwai ƙa'idar da ake yawan takawa. Ana neman biza ne a wajen ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Idan kwana biyar a Estoniya, biyu a Finlan, to ta Estoniya ce. Idan akasin haka ne, sai a nufi ofishin Finlan, wadda take da jakada a Abuja. Sannan a yi hattara da masu tallar katin mazauni na intanet (e-Residency) da Estoniya ta ɓullo da shi a 2014. Katin na gaskiya ne, amma amfaninsa buɗe kamfani da sa hannu a takardu daga nesa. Ba biza ba ne, ba izinin zama ba ne, ba ya shigar da kowa ƙasar ko da na awa guda. Duk ejan da ya ce zai kai ka Turai da shi, kuɗinka yake so.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar. Hanyoyi biyu mafi sauƙi su ne Turkish Airlines ta Istanbul, daga Abuja, Legas ko Yamai, da Lufthansa ta Frankfurt daga Abuja ko Legas. Bambancinsu yana da muhimmanci. Idan ta Frankfurt ne, a can za ku shiga yankin Shengen, a can za a yi muku tambayoyi, kuma da sabon tsarin da aka fara a Oktoban 2025 ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a shigar farko, layi yakan yi tsawo. Kada ku yarda da tazarar da ta gaza awa uku tsakanin jiragen biyu. Idan ta Istanbul ne, sai a Tallinn za a duba ku, filin ƙarami ne, abin ya fi sauƙi. Ku sayi tikiti guda da ya haɗa duka zangon, domin idan jirgin farko ya makara nauyin yana kan kamfani. Takardun otal, inshora da tikitin komawa a buga su a takarda a riƙe a jakar hannu, kada a dogara da waya. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu a bazara, awa ɗaya a hunturu.

Guzuri kuma, a bar kilishi da dambun nama da man shanu da cuku a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje, ko busasshe ne, za a ƙwace kuma ana iya cin tara. Ɗanyun kayan lambu da 'ya'yan itatuwa suna buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, amma dabino yana cikin 'yan kaɗan da aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Yaji, garin kunu da busasshen kifi daidai na ci ba su da matsala. Kuɗin hannu da ya kai yuro 10,000 dole a bayyana shi. Maganin da ke ɗauke da tiramadol ko kodin kada ya shiga jaka sai da takardar likita.

Abincin gargajiyarsu an gina shi ne a kan alade, dankalin turawa, kabeji da baƙin burodi, kuma aladen yana ɓuya a inda ba a zato: a miyar wake, a dakakken dankali da sha'ir da suke kira mulgipuder, a tsiran jini na lokacin Kirsimeti, a ɗanɗanon da ake soya kayan lambu da shi. Ma'aikatan gidajen abinci a Tallinn suna jin Turanci, kuma mutane ne masu faɗin gaskiya kai tsaye, idan ka tambaya za a gaya maka. A kanti kuwa rubutun kwali da harshensu yake, don haka ku haddace kalmomi kaɗan. Sealiha naman alade ne, haka duk abin da ya fara da sea a sashen nama. Pekk kitsensa ne, sink da peekon yankakkensa ne, želatiin kuma sinadarin da ke daskarar da alewa da kayan zaƙi wanda galibi daga alade ake samunsa. Veiseliha naman sa, lambaliha na rago, kana kaza, kala kifi. Niƙaƙƙen naman da aka rubuta wa kodune hakkliha gauraye ne na sa da alade, sosej na kaza ma a duba bayan kwalinsa. Cakulan mai ruwa a ciki sau da yawa giya ce, musamman mai sunan Vana Tallinn, kuma abin shan nan baƙi da ake kira kali, wanda ake yi da burodi, yakan ɗauki ɗan burbushin barasa saboda tsimawa.

Mafita ita ce kifi. Teku ce a ƙofarsu, kifin salmon da ƙananan kifayen Baltik da ake kira kilu da räim suna ko'ina. Abin da ya fi wakiltar ƙasar a faranti shi ne yankan baƙin burodi mai ɗan tsami, an shafa man shanu, an ɗora kilu mai gishiri da kayan ƙamshi, da rabin dafaffen ƙwai da yankakken ganyen albasa. Akwai gidajen abincin Turkawa, 'yan Azarbaijan, Uzbek da Pakistan a Tallinn, amma sunan Musulmi a allo ba hujja ba ne, a tambayi inda suke sayen nama. Mutanen masallaci sun fi kowa sanin inda ake sayar da naman halal a lokacin. Ga iyali, ɗakin haya mai kicin ya fi otal: a shiga manyan kantuna irin su Rimi ko Selver a sayo shinkafa, ƙwai, kifi da tumatir. Ruwan famfo ana shan sa. Abincinsu ba shi da yaji ko kaɗan, nan ne gwangwanin yajin gida zai yi rana.

Tsohon garin Tallinn, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, yini biyu ya ishe shi, kuma da ƙafa ake bin sa. Kashi biyu ne: Toompea a kan tudu, inda masu mulki suka zauna kuma majalisar dokoki take a yau, da garin ƙasa na fatake. Tun da kai ɗan kasuwa ne, garin ƙasa zai fi ba ka sha'awa. Birnin ya yi arziki ne a ƙungiyar biranen fatauci ta Hansa, yana karɓar gishiri da tufafi daga yamma yana turawa Rasha, yana karɓo fatu da kakin zuma. Idan kuna bin titin Pikk, ku ɗaga kai ku dubi gidajen: dogaye ne masu tsinin rufi, a can ƙololuwa akwai gungumen katako da ya fito waje da ƙugiya, a ƙasansa ƙofofi a jere, hawa bisa hawa, babu matakala a gabansu. Da igiya ake jan buhunan kaya daga titi a cusa su ta waɗannan ƙofofi. Maigida yana zaune a ƙasa, sito yana bisa kansa. A dandalin tsakiya akwai zauren majalisar gari da aka kammala a 1404, da kantin magani na Raeapteek da ke aiki tun aƙalla 1422. Kusan kilomita biyu na ganuwar suna nan a tsaye da hasumiyoyinsu, ana hawa wasu. Daga dandalin kallo na Kohtuotsa a kan tudu ake ganin jajayen rufi da teku gaba ɗaya. Ku fita da sassafe ko bayan La'asar, domin tsakanin ƙarfe 10 da 4 manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna juye dubban mutane a 'yan lungunan nan. Takalmi ya zama mai faɗin ƙasa. Hajiya ta bar mai tsini a gida, doguwar riga ma kada ta riƙa jan ƙasa, daɓen ba daidai yake ba. Gidajen abincin da ke kan dandalin sun fi ko'ina tsada, a yi tafiyar minti goma zuwa kasuwar Balti Jaam ko unguwar Telliskivi.

A wajen ganuwa, gidan tarihin jiragen ruwa na Lennusadam ya cancanci rabin yini. A ciki akwai Lembit, jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa da aka ƙera a Ingila a shekarun 1930, ana sauka cikinsa a ga gadajen sojoji a gefen bututun harba makamai. Sai lambun Kadriorg da fadar da sarkin Rasha Bitrus Mai Girma ya fara ginawa a 1718. Gidan tarihin Vabamu kuma zai fahimtar da ku wani abu da ya shafi yadda za ku yi magana a ƙasar. Estoniya ta ayyana 'yancin kai a 1918, Tarayyar Sobiyet ta mamaye ta a 1940, aka kwashi dubban mutane zuwa Saiberiya a 1941 da 1949, ba ta dawo da 'yancinta ba sai 20 ga Agustan 1991. Kada ku kira su Rashawa, harshensu ma ɗan'uwan na Finlan ne. Riga ko hula mai tutar Rasha, irin wadda wasu matasanmu suke sawa, ko alamar goyon bayan Rasha a yaƙin Yukiren, na iya jawo fushin jama'a har da 'yan sanda.

Helsinki kilomita 80 ce ta ruwa, awa biyu a jiragen Tallink, Viking Line ko Eckerö Line, da yawa a kowace rana. Bizar ɗaya ce, amma a tafi da fasfo, kuma a duba cewa kwanakin da ke jikin bizar sun ishe ku. A je da jirgin safe a dawo da na dare. Na daren Juma'a da Asabar yakan cika da mashaya, gara a zaɓi tsakiyar mako.

Wanda ya tsaya a Tallinn kaɗai bai ga ƙasar ba. Gandun Lahemaa yana kilomita 70 gabas da birnin, kuma a bakinsa akwai fadamar Viru, inda aka shimfiɗa hanyar katako ta kilomita uku da rabi a kan gansakuka. Itatuwan wurin gajeru ne ko da sun tsufa, saboda ƙasar ba ta da abinci, ruwan tafkunan baƙi ne kamar shayin da ba madara, amma a tafin hannu garau yake. Kada a sauka daga kan katakon, ƙasan yana nutsewa. Daga Afrilu zuwa Oktoba akwai kaska a ciyawa da daji, kuma ba irin ta shanunmu da ake cirewa a manta ba: tana ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa da wata da ke taɓa gaɓoɓi. A sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, a duba jiki da dare, bayan gwiwa, hammata da ƙugu. Idan an same ta, a kama ta dab da fata da ɗan hantsaki a ja a hankali, ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. Jan zobe da ke faɗaɗa a wurin cizon ko zazzaɓi bayan kwanaki, ko da kun dawo gida, a gaya wa likita inda kuka je, kada a ɗauka maleriya ce.

Idan akwai kwana biyu a hannu, tsibirin Saaremaa ya fi Pärnu, garin bakin teku da suke ji da shi, domin shigar masu wanka ba lallai ta yi wa iyali daɗi ba. Bas daga Tallinn zuwa Kuressaare awa huɗu ne, har da tsallakawa a jirgin fito daga Virtsu na kusan rabin awa. A can akwai ganuwar bishop ta ƙarni na 14 da ta tsaya cif, da ramin Kaali mai faɗin mita 110 da dutse daga sama ya haƙa. Tartu, garin jami'ar da aka kafa a 1632, awa biyu da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa na Elron. Narva tana kan iyakar Rasha, kogi ne kawai tsakani. Ana zuwa kallon ganuwoyi biyu da ke fuskantar juna, amma a tafi da fasfo, kada a tashi jirgi maras matuƙi, kada a ɗauki hoton shingen jami'ai.

Kuɗi a ƙiyasce: ɗakin mutum biyu a matsakaicin otal yuro 70 zuwa 120 a dare, abincin rana na musamman da gidajen abinci ke yi a ranakun aiki yuro 7 zuwa 10, na dare ninki biyu ko fiye. Ku ƙaddara yuro 180 zuwa 250 a rana ku biyu, ban da jirgi. Kusan komai da kati ake biya, kuma katin naira yakan ƙi aiki ko ya ci karo da iyakar banki, don haka a tanadi katin asusun dala ko yuro a gwada shi kafin tafiya, a riƙe tsabar yuro ɗari uku ko huɗu da aka canza tun daga gida. Babu mai karɓar naira ko sefa a can, kuma masu canji na tsohon gari farashinsu ba shi da kyau. Za ku ji ana cewa bas kyauta ne a Tallinn. Tun 2013 haka ne, amma ga mazauna birnin masu rajista kaɗai. Baƙo yana ɗora katin bankinsa a na'urar ƙofar gaba ya biya wajen yuro 2, in ba haka ba tara ta hau kansa. Bolt da kuke hawa a Abuja kamfanin Estoniya ne, manhajar da ke wayarka za ta yi aiki, filin jirgi kuwa kilomita huɗu ne kawai daga tsakiyar gari.

Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, ɗan Najeriya yana buƙatar adafta, ɗan Nijar galibi ba ya buƙata. Doka ta wajabta wa mai tafiya a ƙasa cikin duhu ya rataya ɗan abu mai ƙyalli da suke kira helkur a gefen riga, ana sayar da shi a kowane kanti da kuɗi kaɗan. Lambar gaggawa 112. Ko a Agusta a tafi da rigar sanyi da mai tare ruwan sama, iskar teku tana shiga jiki da yamma. Mutanen ba sa doguwar gaisuwa, ba sa ɗaga murya a bas, ba a taya kaya a kanti. Tere ita ce sannu, aitäh na gode, kuma sun isa. A wajen Tallinn da Tartu za a kalli babbar riga da hijabi, saboda baƙar fata ba ta da yawa, galibi kallo ne kawai. Idan aka gayyace ku sauna, ɗakin gumi da suke alfahari da shi, ku tambaya tukuna ko maza da mata a haɗe ne, domin ana shiga ba tufafi. Otal da yawa suna ba da hayar ƙarami na awa guda, wanda ku biyu kaɗai za ku shiga.